Zambar Ashirin: Halin Lambar da Zazzagawa Suka Ɗauka a Ka

Mutumin da ya shiga kasuwar birnin Zariya a tsakiyar ƙarni na 19 da niyyar sayen doki, ko babbar riga mai aikin hannu, bai isa ya zo da kuɗinsa a aljihu ba. Ɗan dako ne ke biye da shi, ɗauke da ƙunshin tabarma a ka, an ɗaure bakinsa tam. Sunan wannan ƙunshi keso, kuma abin da ke cikinsa sananne ne ga kowa tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan: wuri 20,000, wato zambar ashirin a ƙidayar mutanen da. Da keso ake faɗin manyan farashi, da shi ake lissafin gaisuwar sarakuna da dukiyar attajirai, da shi kuma ake auna abin da mamaci ya bari.

To, me ya sa aka tsaya a kan 20,000? Me ya hana 18,000 ko 24,000? Kowace lamba tana da halinta. Akwai waɗanda take yarda su raba ta salin-alin, akwai kuma waɗanda ko za a kwana ana fama sai ta bar saura. Halin zambar ashirin ya dace da hannun mai ƙirga, ya dace da wuyan mai ɗauka, ya dace da ciniki da haraji. Wuri guda ne ta gaza, kuma wurin ba ƙarami ba ne, domin zauren alƙali ne, ranar rabon gado. Yadda mutanen birni suka zauna da wannan gazawa yana da abin da zai faɗa wa mai riƙe da naira a yau.

Daga tekun Indiya zuwa ganuwar Zazzau

Kalmar kuɗi da ake amfani da ita har gobe, asalinta jam'in wuri ce. Shi kuwa wuri ƙwanson wata 'yar dabbar ruwa ce da ake tsamowa a tsibiran Maldib, cikin tekun Indiya. Jiragen Turawa sun riƙa kwasar sa zuwa Turai, daga can su sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma, inda ya zama babban abin biyan farashin bayi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa.

Zariya na kan hanyar. Ayarin da ya taso daga ƙasar Yarbawa ko Nupe ya nufi Kano, sau da yawa sai ya ratsa ta ƙasar Zazzau, ya yada zango a birni kafin ya ci gaba. Ta wannan hanya ce Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Zariya a 1826, bayan ya taso daga Badagiri. Shekara biyu kafin nan, da ya ga kasuwar Kano, ya yaba wa kuɗin wuri saboda ba a iya yin jabunsa, ya kuma yi mamakin zafin hannun masu ƙirga shi.

Ƙirgar ita ce babban aiki. A gaɓar teku ana huda wuri a zura a zare, amma a ƙasar Hausa a warwatse yake. Bajamushe Heinrich Barth ya ga yadda ake yi a Tasawa, kusa da Maraɗi, a farkon 1851. Ya ce masu mulki kan ɗaure wuri 20,000 a jakar saƙa guda, amma ɗan kasuwa ba ya karɓa sai an zazzage an ƙirga a gabansa. Ana jan biyar-biyar da yatsu, ana tara su tsibi-tsibi, kowane tsibi 200 ko 1,000. A ranar da ya ba da labari, mutum biyar ko shida suka taru a kan wuri 500,000, wato keso 25. Keso guda kaɗai ja 4,000 ne. Ko da mutum zai yi ja ɗaya a kowace daƙiƙa, ba hutu ba kuskure, sai ya haura awa guda.

Yatsu biyar da wuya guda

Idan aka yi ta farfasa 20,000 har aka kai ga lambobin asali, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, iri biyu kawai za a samu: biyu sau biyar, da biyar sau huɗu. A rubuce, 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5 × 5. Babu uku a ciki, babu bakwai. Duk halin wannan lamba, alherinta da aibinta, daga nan ya fito.

Biyar ɗin daga hannu ta zo. Ja huɗu na biyar-biyar su ne hauya, tsohon sunan wuri ashirin. Hauya biyar zangu ce, wato ɗari. Hauya goma tsibi ne na 200, wanda fatake ke kira metan da aron Larabci. Tsibi biyar dubu, tsibi ɗari kuma keso. Mai ƙirga ba ya taɓa tsayawa da guntun tsibi a hannu, domin kowane mataki yana shiga cikin na gaba daidai wa daida.

Biyu ɗin kuwa ta ciniki ce. Abokan tarayya na raba riba biyu, mai bashi na biyan rabi ya nemi a ɗaga masa ƙafa a kan rabi, dillali na sasanta mai saye da mai sayarwa a tsakiya. Keso yana jure wannan rabo har sau biyar: 10,000, 5,000, 2,500, 1,250, sannan 625. Daga nan ba ya ƙara rabuwa biyu, domin 625 mara ce, 25 sau 25.

Girman lambar kuma wuyan ɗan dako ne ya yanke shi. Wurin Maldib ƙanana ne, kimanin 400 ke cika laba guda. Ke nan 20,000 laba 50 ne, kusan kilo 23, daidai kayan da mutum zai ɗauka a ka ya yi tafiyar yini. Da an ninka shi, da sai jaki. Da an rage shi, da an yi asarar ladan ɗauka.

Akwai wata fa'ida da ba ta fito fili sai an dubi maƙwabta. Yarbawa ba da biyar-biyar suke ginin nasu lissafi ba. Suna zura wuri 40 a zare, zare biyar su zama ɗauri na 200, ɗauri goma su zama kai na 2,000, kai goma kuma su zama jaka ta 20,000. Har yau kalmar da Yarbawa ke kiran 20,000 da ita, asalinta sunan wannan jaka ne. Bahaushe ya hau ta 5 × 4 × 10 × 100, Bayarabe ya hau ta 40 × 5 × 10 × 10, suka haɗu a 200, suka sake haɗuwa a ƙololuwa. Lamba mai yawan sassa ce kaɗai ke iya karɓar tsani biyu haka. Wannan ya sa falken da ya ɗauko jaka daga kudu bai buƙatar canjin ma'auni idan ya sauke ta a Zariya.

Haraji ma ya zauna mata daram. Barth bai taka Zariya ba, amma ya rubuta abin da aka faɗa masa: a Kano da Katsina kuɗin ƙasa wuri 2,500 ne a kan kowane magidanci, a Zazzau kuwa a kan abin noma ake ɗora shi, wuri 500 kowace fartanya. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya wallafa nazarinsa kan mulkin Zazzau a 1960, shi ma ya yi bayanin wannan kuɗin galma. A bisa waɗannan alƙaluma, keso guda harajin magidanta takwas ne a Kano, ko na fartanya arba'in a Zazzau. A kasuwar Kano ta 1851 ana canza riyal guda na azurfa a kan wuri 2,500, saboda haka keso riyal takwas ne cif. Humusinsa 4,000, ushurinsa 2,000, rubu'in ushurinsa, wanda shi ne ma'aunin zakkar dukiyar ciniki, 500. Ko'ina ba saura.

Matsayinta a wurin malaman hisabi

Yaran Hausa sun san rabon lambobi na farko tun daga wasan cika ko mara. Malaman hisabi sun wuce nan. Wani Bagirke mai suna Nikomakus ya rubuta littafin gabatarwa ga ilmin lambobi wajen shekara ta 100 Miladiyya, Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya mai da shi Larabci. Daga nan rabe-rabensa suka shiga littattafan hisabi na Musulmi, har suka kai Magrib, inda Ibn al-Banna na Marrakish ya yi fice a ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 14. Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 yana mai daraja a idon malamanta.

A wannan tsari, lambar cika iri uku ce. Akwai wadda ake ta raba ta biyu har a kai ga ɗaya, kamar 32. Akwai wadda sau ɗaya tak take rabuwa biyu sai a ci karo da mara, kamar 10. Akwai kuma ta tsakiya, wadda ke rabuwa biyu fiye da sau ɗaya amma ba ta kaiwa ga ɗaya. Zambar ashirin ta wannan gida ce, tun da ta rabu sau biyar ta tsaya a 625.

Rabo na biyu ya fi ban sha'awa. Ana tattara duk lambobin da ke raba lamba ba saura, waɗanda malamai ke kira sassanta, a cire ita kanta, a tara sauran. Idan jimlar ta zo daidai da lambar, an sami cikakkiya, wadda Larabawa ke ce wa tamm. Irin waɗannan ba su da yawa: 6, 28, 496, 8,128, sai kuma a yi tsalle har can sama da miliyan 33. Idan jimlar ta gaza, lambar tauyayyiya ce, naƙis. Idan ta haura, mai rara ce, za'id.

Lambobi 30 ne ke raba 20,000: 1, 2, 4, 5, 8, 10, 16, 20, 25, 32, 40, 50, 80, 100, 125, 160, 200, 250, 400, 500, 625, 800, 1,000, 1,250, 2,000, 2,500, 4,000, 5,000, 10,000, da ita kanta. Ba sai an lalube su ɗaya bayan ɗaya ba kafin a san adadinsu. Mai haɗa sashi yana da zaɓi shida a kan biyu, daga ƙin ɗaukar ko ɗaya har ɗaukar duka biyar, yana kuma da zaɓi biyar a kan biyar. Shida sau biyar talatin. Jimlarsu duka 49,203 ce. Idan aka cire 20,000, saura 29,203. Ke nan zambar ashirin mai rara ce, rararta kuma 9,203.

Ta fuskar siffa, ba murabba'i ba ce, domin 141 sau 141 ya ba da 19,881, 142 sau 142 kuma 20,164. Amma murabba'i biyu ce gefe da gefe, kowane 100 sau 100. Da za a shimfiɗa keso a ƙasa a jera shi, zai ba da fili biyu masu tsawo da faɗi ɗaya, ko layi ɗari na tsibin 200.

Wanda ya dubi jerin nan na talatin da kyau zai lura da waɗanda babu. Babu 3, babu 6, babu 12, babu 24.

Ranar rabon gado

Birnin Zariya gari ne na malamai. Unguwanni irin su Kona da Juma sun daɗe da suna wajen karatu, almajirai na zuwa daga nesa domin nahawu da fiƙihu. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ko Muhtasar na Halil, sai ya iso babin fara'il, inda fiƙihu ke komawa lissafi tsantsa. Kason da Alƙur'ani ya ƙayyade wa magada shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Uku na farko 'ya'yan biyu ne, keso na karɓarsu hannu bibbiyu. Uku na ƙarshe sai da uku, wadda keso bai da ita. Malaman fara'il sukan nemi asalin mas'ala, wato ƙaramar lambar da duk kason magada za su fita daga cikinta, kuma asalan bakwai ne: 2, 3, 4, 6, 8, 12, 24. Uku kaɗai daga cikinsu ke raba 20,000.

A ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da ɗa namiji, dukiyarsa kuma bayan biyan bashi keso guda ce. Matar na da sumuni, uwa na da sudusi, saura na ɗa. Asalin mas'alar 24 ne: uku na mata, huɗu na uwa, goma sha bakwai na ɗa. Matar ta ɗauki 2,500 ba gardama. Rabon uwa 3,333 ne da sulusin wuri, na ɗa 14,166 da sulusi biyu. Bayan kowa ya kwashi nasa, wuri ɗaya zai rage a kan tabarma, kuma wuri ba ya fasuwa ya ci gaba da zama kuɗi. Sai dukiya ta kai keso uku, 60,000, kafin wannan mas'ala ta fita tsaf: 7,500, 10,000, 42,500.

Akwai mas'alar da ta fi wannan tsauri. Idan mamaci ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba, kasonsu a kan 24 zai zama 3, 16, 4, 4, jimla 27. Rabo ya fi dukiya yawa. Maganin da malamai suka bi shi ne auli: a mai da asalin 27, kowa ya ɗan ragu. Littattafai na kiran ta Mimbariyya, domin an ruwaito cewa a kan mumbari aka tambayi Sayyidina Aliyu ita. Lambar 27 uku ce sau uku sau uku, ba ta da dangantaka ko kaɗan da keso. Idan aka raba 20,000 gida 27, kowane gida 740 ne, hauya guda ta yi saura. Sumunin matar ya koma tusu'i, wuri 2,222 da ɗan guntu.

To, ta yaya gari mai tsananin kula da shari'a ya zauna da ma'aunin da bai dace da lissafin shari'a ba? Amsar tana cikin ƙanƙantar wuri. Idan riyal guda wuri 2,500 ne, wurin da ya rage a kan tabarma kashi ɗaya ne cikin 2,500 na riyal. Ko yafe shi aka yi, ko sadaka aka bayar, ba wanda zai ce an ci haƙƙinsa. Girman lambar ne ya rufa wa gazawarta asiri. Da keso tsaba ashirin ne manya-manya, da sauran da ke ragewa ya isa ya raba zumunci. Da yake zambar ashirin ne ƙanana, kuskuren bai wuce ƙwayar da za ta faɗi a rairayi a rasa ta ba.

Akwai wani abin mamaki a nan. An san kotunan alƙalai da cire ushira, kashi ɗaya cikin goma, daga dukiyar mamaci a matsayin ladan rabo. Idan aka cire 2,000 daga keso, saura 18,000, kuma wannan lamba tana da uku har guda biyu a cikinta, domin kashi tara ne suka rage. Tana rabuwa gida 24, kowane gida 750. A misalin farko, mata 2,250, uwa 3,000, ɗa 12,750, tabarma ta tashi fes. Ba domin gyaran lissafi aka ƙago ushira ba, kuma magadan da aka ba zaɓi ba za su sayi kwanciyar hankalin wuri ɗaya da wuri 2,000 ba. Sai dai abin ya nuna yadda ɗan taɓi kaɗan ke sauya halin lamba gaba ɗaya.

Maƙwabciyar da ba a zaɓa ba

Littattafan hisabi na Larabci sun san ƙaramar lambar da ke da rabi, sulusi, rubu'i, har zuwa ushuri, ba tare da saura ba. Ita ce 2,520, kuma sukan koyar da ita da dabarar ninka kwanakin mako bakwai da kwana 360. Idan aka ninka ta sau takwas, za a sami 20,160. Tsakaninta da keso wuri 160 ne kacal, abin da bai kai rabin laba ba. Ɗan dako ba zai ji bambancin a wuyansa ba.

Amma a fagen rabo, sama da ƙasa ne. Lambobi 84 ke raba 20,160, kuma babu wata lamba ƙasa da ita da ta kai wannan adadi. Duk asalan fara'il bakwai suna raba ta, gida 24 kowane 840. Ita ce ma adadin mintocin mako biyu. Da malaman fara'il ne suka ɗinke keso, da ita za su zaɓa.

Kasuwa ba ta zaɓe ta ba, kuma tana da hujja. Tsibi ɗari ne da guntu na 160. Keso biyu 40,320, keso bakwai 141,120, lissafin da sai an zauna da allo. Falken da ke ciniki a tsaye, rana na dukansa, yana son ya ce keso bakwai zambar ɗari da arba'in ne ya wuce. Ana ciniki kullum, gado kuwa sai an yi mutuwa. Aka ɗauki lambar da ta sauƙaƙa aikin kullum, aka bar wa malamai wahalar ranar da ba ta zuwa sai jefi-jefi.

Lokacin da keso ya fi ƙarfin wuya

Daga 1845 kamfanonin Hamburg na Jamus, daga baya kuma na Faransa, suka fara jigilar wani irin wuri daga Zanzibar. Ya fi na Maldib girma da nauyi, ya kuma fi shi araha nesa ba kusa ba. Aka yi ta antayo shi har darajar kuɗi ta zube. Lambar ba ta sauya ba, 20,000 tana nan da sassanta talatin, amma ginshiƙai biyu da ta dogara a kansu sun karye. Keso ya yi wa mutum ɗaya nauyi, abin da yake saye kuma ya ragu. Charles Robinson, Baturen da ya bi ta Zariya a 1894 a hanyarsa ta zuwa Kano, ya koka cewa ya rasa yadda zai sayar da dokinsa da ya kamu da ciwo, domin kuɗin dokin sai an ƙaro 'yan dako goma sha biyar, kuma ladansu zai cinye abin da suka ɗauka har ya nemi ƙari.

Wannan matsala tana da fuska mai muni da bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. Da yake babu babbar tsaba, sai aka mai da mutum ya zama ita. Bawa yana tafiya da ƙafarsa, yana ɗaukar kaya, ana kuma sayar da shi a zango na gaba. Zazzau na cikin masarautun da suka fi kai hari kudu domin kamun bayi, kuma bayi na cikin gaisuwar da take aikawa Sakkwato tare da tufafi da sauran kaya. Duk lokacin da aka ji an ce wane yana da dukiya wuri na gugar wuri a wancan zamani, to wani kaso na wannan dukiya 'yan Adam ne da aka yi wa farashi da keso.

Fam, sule, naira

Turawan Ingila sun kafa sansani a Zariya a 1902, suka kawar da Sarki Kwasau, Aliyu Ɗan Sidi ya hau a 1903. A 1904 aka hana shigo da wuri. Kwabo da anini masu huda a tsakiya sun fito a 1907, jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912. Sannu a hankali haraji ya koma sai da tsabar Bature.

Sabon kuɗin ya zo da ukun da keso ya rasa. Sule kwabo 12 ne, fam kwabo 240, lambar da ke da sassa 20 kuma take rabuwa gida 24, kowane gida kwabo goma. Sulusin sule kwabo huɗu, sudusinsa kwabo biyu, rubu'insa taro. Alƙali ya sami sauƙi. Talaka mai sayen gishiri da daddawa kuwa ya sha wuya, domin kwabo ya yi wa cinikinsa girma, shi ya sa wuri ya daɗe a hannun mata da 'yan koli bayan gwamnati ta juya masa baya. Canjin ya bambanta daga gari zuwa gari, amma harshe ya adana sawun guda: Hausawa sun riƙa kiran rabin kwabo ɗari. A bisa wannan suna, kwabo tsibi ne na 200, anini hauya ce, keso kuma kwabo ɗari, wato sule takwas da kwabo huɗu. Kayan da ke tanƙwara wuyan ƙato ya koma abin da za a ƙulle a bakin zane.

Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, naira biyu a kan fam guda, kwabo ɗari a naira. Da wannan aka koma gidan jiya, gidan biyu da biyar, uku ta sake fita. Jaka, wadda ta kasance fam 100, ta zama naira 200. A Maraɗi da Damagaram kuwa har yau da dala ake ƙirga sefa, biyar-biyar, kuma dala 200 ce jaka guda. Tsibin metan bai mutu ba, tufa kawai ya sauya. Wanda ya karɓi bandir na 'yan ɗari bibbiyu a banki a Tudun Wada ko Sabon Gari, takarda ɗari masu 200 kowace, ya riƙe naira 20,000 a tsarin da kakansa ya san keso da shi, tsibi ɗari na metan.

Abin da ya ɓace shi ne ƙanƙantar da ta rufa wa keso asiri. A takarda, sulusin naira 20,000 shi ne 6,666 da kwabo 67, kuma kwamfutar banki tana iya rubuta haka. A hannu kuwa kwabo ya daɗe da barin kasuwa, naira biyar da goma ma sun zama sai an tona. Sauran da a da bai wuce wuri ɗaya ba, yanzu ya zama hamsin ko ɗari da ake cewa babu canji, kuma kusan kullum wanda ya fi rauni a cinikin ne ke yafe shi. Fasinja ke barin sa ga direba, mai sayen magani ga mai kanti, ƙaramin magaji ga babban wa. Mutanen cikin ganuwa sun ƙi karɓar keso sai an zazzage an ƙirga a gabansu, ko da zai ci awa guda, saboda sun san cewa amana a harkar kuɗi tana farawa ne daga sanin inda ƙwayar ƙarshe ta tafi.